Inda damina ke zuwa da ɗari

Tukwane uku na saya, biyu na kashe da hannuna, kuma da ruwa na kashe su. Wani mai shigo da furanni ne ya kawo su cikin kayansa a watan Disamba, wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu kore da toka-toka, kowanne bai wuce girman ɗinya ba, sun cunkushe cikin 'yar tukunyar roba kamar an zuba duwatsun dara. Ba reshe, ba kara, ba abin da za ka nuna ka ce ga ganye. Da na tambaye shi yadda ake kula da su sai ya ce, "Malam, ai ɗan hamada ne, ba shi da wahala." Na biya, na kai su barandar gidana a Zariya, suka yi ta sheƙi har hunturu ya wuce. Da zafin Maris ya kankama sai suka fara yamushewa, fatarsu ta koma kamar ɓawon albasa. Ni kuwa shekara ashirin ina koyar da aikin gona, abin da na sani shi ne tsiro in ya yi yaushi da bazara to ƙishirwa ce. Na dinga ba su ruwa safe da yamma. Cikin mako biyu tukwane biyu suka zama dagwalo, har da wari. Ta ukun, don takaici, na tura ta saman kabad ɗin baranda na manta da ita.

Ba dominsu na tafi Afirka ta Kudu ba. Autanmu ne ke karatu a Cape Town, ya daɗe yana cewa in zo in ga inda yake, sai a ƙarshen watan Mayu Allah ya nufa. Amma hoton tukwanen yana cikin wayata, kuma a daren farko muna shan shayi na nuna masa don mu yi dariya. Maimakon dariya sai ya tura wa wata abokiyar karatunsa da ke sashen nazarin tsirrai. Kafin shayin ya huce amsa ta zo: sunansa a wurin masana Conophytum calculus, kuma garinsu na nan arewa da mu, tafiyar kilomita 300 a kan hanyar N7, a wani fili da ake kira Knersvlakte. Ta ƙara da cewa yanzu ne lokacin da suke farke. Wannan "farke" ɗin ne ya tsaya mini a rai. Na ce wa auta ya nemo mana motar haya.

Tun kafin mu bar gari na fara hango inda na yi kure. A wurinmu ruwan sama da ɗari kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya, in wannan ya shigo wancan ya fita. A can kuwa tare suke zuwa. Kwana uku na yi ana yayyafi mai ratsa ƙashi, ina cikin rigar sanyi biyu da hula, gari ba ya wayewa sai bayan bakwai da rabi, kafin shida kuma an yi magariba. Daga Mayu zuwa Agusta ne hadarin ke tasowa daga kudancin tekun Atalantika, iskar yamma ta koro shi ya hau ƙasa ɗaya bayan ɗaya. In Disamba ta zo, wato tsakiyar zafinsu, hanyar hadarin sai ta zame can kudu cikin teku, yankin ya yi watanni bai ga ruwan kirki ba. Kenan watannin da muke cikin damina su ma suna cikin tasu, sai dai tasu ta sanyi ce, tamu ta zufa.

Muka kama hanya bayan asuba. Daga Malmesbury har Piketberg gonakin alkama ne iya ganinka, ta fito shar, ba famfo ba injin ban-ruwa. Mu alkama sai an je Kadawa an bi ta da ruwan rani. Su ruwan sama ne ke raino musu ita cikin sanyin da take so. Muka haura dutsen Piekenierskloof, muka gangara kwarin kogin Olifants inda lemon Citrusdal ya nuna jawur a kan bishiyoyi, muka tsaya Clanwilliam muka sha jan shayin nan nasu na rooibos, wanda a duwatsun yankin ake noma shi. Daga nan kore ya fara ja da baya. Da muka wuce Klawer muka shiga Vanrhynsdorp, ƙarƙashin wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, bishiya ta zama abin nema.

A bakin hanya muka yi azahar. Na fuskanci gabas yadda jikina ya saba, auta ya kamo kafaɗata ya juya ni. "Yaya, nan alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan." Rana ma a arewa take rataye, ƙasa-ƙasa, inuwarmu ta miƙe kudu da tsakar rana. Komai na ƙasar nan a juye yake, har ni da na zo kallonta.

Wanda ya kai mu cikin filin wani dattijo ne ɗan yankin, mai jin Afirkans fiye da Turanci, auta na kiransa "Oom", wato kawu, yadda ake kiran kowane babba a can. Kafin mu sauka daga mota ya ce mu kashe abin da ke nuna wuri a wayoyinmu, kuma in mun ɗauki hoto kada dutse ko tudun da za a gane ya fito a ciki. Na ɗan ji haushi, don na ɗauka kallon ɓarayi yake mana. Daga baya na gane dalilinsa.

Da na taka filin, abin da na fara cewa a raina shi ne mun yi asarar mai. Fili ne fetal, shimfiɗe da farar tsakuwa ta ƙanƙarar dutse, kamar an yi ruwan ƙanƙara an manta ba ta narke ba. In ka taka sai ta yi ƙurus-ƙurus. An ce daga nan sunan wurin ya fito, wai ƙarar ƙafafun amalanken Turawan da a kan tsakuwar kamar cizon haƙora ne, kuma "kners" a harshensu cizon haƙora ke nan. Na duba gabas na duba yamma, ban ga komai ba sai 'yan ƙananan sagagi nesa-nesa. Dattijon ya ce, "Kana tsaye a kan guda huɗu. Ɗaga ƙafarka ta hagu a hankali." Sannan ya durƙusa, ya ce nan ba a kallon daji a tsaye.

Na durƙusa. Sai da idona ya yi kamar minti ɗaya kafin ya daina ganin tsakuwa ya fara ganin rai. Wasu daga cikin duwatsun ba duwatsu ba ne. Ga wani mai launin azurfa, ganye biyu rak masu kauri da tsagi a tsakani, tamkar goron da aka ɓare bai gama rabuwa ba, fure ja-ja mai ruwan hoda ya ɓullo ta tsagin, ya fi uwar tasa faɗi. Shi ne Argyroderma. Mutanen wurin kuwa ba su wahalar da baki ba, "bababoudjies" suke ce masa, wato ɗuwawun jariri, kuma wallahi duk wanda ya taɓa yi wa jariri wanka ba zai yi musu ba. Cikin faɗin tabarma ɗaya na ƙirga sama da talatin kafin in rikice. Muka rarrafa gaba kaɗan, sai ga nawa. Curi ne mai kai kusan ashirin, kowane kai zagaye sumul, a cike tam kamar zai fashe, da 'yar tsaga ƙarama a samansa kamar bakin kifi. Irin waɗanda na ruɓar a baranda, sak. Furensu ya riga ya wuce, sai busassun saura. Dattijon ya ce da na zo makonni kaɗan baya, da dare, da na ji filin na ƙamshin kanumfari, don wannan jinsin da dare yake buɗe furensa mai ruwan ɗorawa, ƙwarin dare ne ke yi masa barbara.

Na nuna masa hoton nawa lokacin da suka yamushe. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya, "Wane wata ne wannan?" Na ce ƙarshen Maris, zafi ya kai digiri 40. "Sai ka yi me?" Na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya sa yatsa a gindin curin da ke gabanmu ya nuna mini wasu busassun fatu da suka taru a jere, ɗaya kan ɗaya, kamar saɓar maciji.

Abin da ke faruwa ke nan. Kowane kai ganye biyu ne da suka haɗe suka zama ƙwallo guda. Duk lokacin sanyi yana shan ɗan ruwan da ya samu yana tarawa, a cikinsa kuma sabon kai yana girma a ɓoye. In zafi ya doso, sabon sai ya tsotse ruwan tsohon kaf, tsohon ya bushe ya zama farar riga da ta lulluɓe sabon, ta kare shi daga rana da iska. Haka zai kwanta watanni, saiwarsa ba ta shan komai. Da dare ya fara tsawo, sanyi ya sauko, ruwan farko ya taɓa ƙasa, sai ya kumbura ya yaga rigar ya fito, wani lokacin kai ɗaya ya zama biyu. Yamushewar da na gani ba ciwo ba ce, shimfiɗar barci ce. Ni kuma na zo ina ɗura wa mai barci ruwa cikin zafin Zariya, saiwar da ba ta sha ta zauna cikin laima mai ɗumi, ruɓa ta samu gida.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ina da misalinsa a ƙofar gida. Gawo da damina yake kakkaɓe ganye ya tsaya tsirara, da rani kuma ya yi shar, kuma ban taɓa ganin manomin da ya ɗauki gatari ya sare gawo a watan Agusta wai ya mutu ba. Mun san kalandarsa dabam ce, mun bar shi da ita. Bambancin kawai, gawo saiwarsa na nutsawa can ƙasa ta sha ruwan da ke kwance, wannan kuwa saiwarsa ba ta wuce tsawon yatsa ba, a saman ƙasa take baje, tana jiran yayyafi da raɓa.

Kuma da yayyafi da raɓar yake rayuwa. Ruwan da ke sauka a Knersvlakte a shekara bai cika wuce milimita 100 zuwa 200 ba. Zariya na samun kusan 1,000. Sai dai nasu ba ya zuwa da tsawa da kwararo, a hankali yake sauka cikin sanyi, ba ya saurin ƙafewa, kuma ba kasafai yake saɓa alkawari ba, abin da hamadu da yawa ba su samu ba. Ga kuma teku a yamma, inda igiyar ruwan sanyi ta Benguela ke bin gaɓa daga kudu. Sanyin ruwan ne ke hana hadari mai nauyi haɗuwa, shi ne kuma ke haifar da wani farin hazo mai laima da ke kutsowa cikin ƙasa da dare. Kada sunan hazo ya ruɗe ka: namu ƙura ce mai fasa leɓe, nasu in ya wuce sai ka ga kowace tsakuwa na ɗigar ruwa. Ita kanta farar tsakuwar aiki take yi, tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa samanta ya fi jar ƙasar da ke gefe sanyi da rani. Ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma ba ta da zurfi, wani wurin ga gishiri, manyan sagagi ba sa iya zama, sai filin ya zama na 'yan ƙanana su kaɗai.

Kafin mu tashi dattijon ya yi mana wani wasa da na ga alama yana yi wa kowane baƙo. Ya nuna wani busasshen ƙwanso a kan ɗuwawun jaririn nan, ya ɗiga masa ruwa daga gorarsa, ya ce mu jira. Cikin 'yan mintuna ƙwanson ya buɗe da kansa kamar tauraro, ga 'yan ɗakuna a ciki cike da iri ƙanana kamar garin barkono. Ba ya buɗewa sai ya jiƙe; ɗigon ruwan sama ne ke bugun irin ya fantsama waje, in ya bushe kuma ya sake rufewa ya ajiye saura don wani ruwan. Ba ya zubar da iri duka a shuka ɗaya. Na tuna kakanmu da ba ya yarda a kwashe irin gero duka a ruwan farko.

A mota ne ya faɗa mana dalilin kashe waya. Tun wajen 2019 aka buɗe wa waɗannan tsirrai wuta. Masu tara su a ƙasashen waje, musamman gabashin Asiya, suka dinga ganin hotuna a intanet suna nema, zaman kullen korona ya ƙara wa abin mai. Dillalai na bin hotunan da baƙi suka ɗora su gano wurin, su ba matasan ƙauye marasa aikin yi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma su zo da dare da sukundireba da buhu. Abin da hukumomi suka ƙwace tun daga lokacin ya haura tsiro miliyan ɗaya. Dangin Conophytum jinsi kimanin 100 ne, a Afirka ta Kudu da kudancin Namibiya kaɗai suke, kuma akwai waɗanda duk duniya a kan tudu ɗaya tak ake samunsu. Dare ɗaya ya isa a shafe su. Curi mai kai ashirin irin wanda na durƙusa a gabansa na iya girmar autanmu. Waɗanda aka ƙwato kuma ba a iya mayar da yawancinsu, don ba a san tudun da aka ciro su ba, sai dai su cika ɗakunan reno na lambunan gwamnati. An ayyana wani yanki na Knersvlakte, sama da hekta 85,000, a matsayin gandun da doka ta kare a 2014, a 2023 kuma Afirka ta Kudu ta sa dukkan dangin cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ba a fitar da su sai da takardar izini. Amma fili ne mai faɗi, masu gadi kaɗan ne.

Na yi shiru a bayan mota. Ban tambayi mai furannin nan daga ina nasa suka fito ba. Ina kyautata zaton na gidan reno ne, don kawunansu tsaf suke ba tabo, tukunyarsu ta kanti ce. Amma zato ne, ban tambaya ba.

Washegari muka haura mashigar Vanrhyns zuwa Nieuwoudtville don ganin dajin kokerboom, wata bishiya 'yar dangin kabar giwa mai rassa biyu-biyu, wadda a da mutanen San, mafarautan asalin yankin, kan rarake reshenta su yi kwarin zuba kibiya. Sun fara fure rawaya. Suna da kyau, amma hankalina na ƙasa. Na riga na koyi tafiya ina kallon ƙafata.

Abin da ya fi mini amfani a tafiyar shi ne awa ɗaya da na yi da wata mata mai gidan renon tsirrai a hanyarmu ta dawowa. Duk nata daga iri ta tayar da su. Ta zazzage tukunya ɗaya a tafin hannuna: tsakuwa ƙanana da yashi mai kaushi ne mafi yawa, ƙasa 'yar kaɗan, taki kusan babu. In ka zuba ruwa ta ƙasa yake fita nan take. Ta ce ana fara ba su ruwa ne in dare ya fara sanyi, a jiƙa sosai, a bari ta bushe kafin a ƙara. In kai ya ɗan yi tamoji a lokacin sanyi, ƙishirwa ce, a ba shi. In ya yi yawa kuma sai ya kumbura ya tsage. Da zafi ya doso, fata ta fara fari, a janye hannu, a kai su inuwa mai haske inda iska ke wucewa, sai dai ɗan feshi sama-sama jefi-jefi da sassafe. Rana ta safe suke so, ba ta tsakar rana ba. Irin kuma a farkon sanyi ake barbaɗa shi a saman yashi, ba a binnewa. Curi in ya yi yawa ana raba shi a farkon farkawa, a bar kowane kai da ɗan guntun gindinsa. Ta ce waɗanda aka kai arewacin duniya suna juya kalandarsu su bi sanyin can, su farka wajen Satumba ko Oktoba.

Na kwatanta mata shekararmu: sanyi mai bushewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wuta daga Maris zuwa Mayu, sannan ruwa da gumi har Satumba. Ta yi lissafi da yatsu ta ce kenan wata huɗu kawai zai samu na ci, wata takwas na barci, rabinsu cikin laima mai ɗumi, abin da ya fi tsana. Ta ce hunturunmu zai yi masa, in ni ne zan zame masa hadari da buta. Daminarmu ce abin tsoro. Ban ɓoye wa kaina ba: wannan ba tsiron Zariya ba ne. Mutumin Jos zai fi ni sa'a, wanda kuma ke son abin da zai yi fure ba tare da jinya ba ya dasa kariya, ita ta san ƙasarmu. Na so in sayi ko tukunya ɗaya, ta ce ba ta sayar wa mai tsallaka iyaka ba takarda, ni ma ban matsa ba.

A daren nan na kira gida. Na ce wa uwargida akwai wata tukunya a saman kabad ɗin baranda. Ta ce, "Wannan busasshen abin? Malam, ai jiya na ce yara su zubar, mantawa suka yi." Na ce don Allah kada a zubar, kada a ba shi ruwa, kada a bari feshin ruwan sama ya taɓa shi. Ta ce to ita ba ta taɓa jin shukar da ake roƙo kada a ba ta ruwa ba, amma ta ji.

Da na dawo na sauko da ita. Kawuna bakwai ne, duk a cikin fararen rigunansu, ba alamar rai. Na sauya mata ƙasa da tsakuwar rafi da na tankaɗe na wanke, na ajiye ta a tagar ɗakin karatuna inda iska ke ratsawa, na ɗaure hannuna. Agusta ta fi wuya, bango ma gumi yake. Kawuna uku suka yi baƙi suka lotsa, na cire su da tsinke. A mako na biyu na Nuwamba, ranar da na fara jawo bargo da asuba, na jiƙa tukunyar. Kwana huɗu ba labari. A na biyar, na dawo daga masallaci, na haska da fitilar waya, sai ga riga ɗaya ta tsage, kore na leƙowa ta ciki. Kafin mako ya zagayo uku sun fito, ɗaya daga cikinsu ya zo da tagwaye. Na huɗun bai farka ba har yau, ban kuma cire shi ba tukuna.